Hancin Da Ya Koma Baibai

A layinmu, in kana son ɓata rabin yini, tsaya a ƙofar shagon wanki da guga ka tambayi mai shagon labarin hancinsa. Ba za ka bar wurin ba sai ƙafafunka sun yi tsami. Shi ya sa ba mai tuna sunansa na gaskiya. Mai Hanci kowa ke ce masa, shi kuma yana amsawa har da gyara tsayuwa.

Gaskiya dai Allah ya ba shi. Ka miƙa masa riga, ya kai ta hanci sau ɗaya, sai ya gaya maka inda ka je jiya da abin da ka ci a can, a gaban mutane kuwa. Maza da yawa a layin sun koma wanke wasu rigunan da kansu saboda haka. Yana kuma da wani haɗin turare da yake ɗigawa a cikin sitaci, wanda in ka sa kayan da ya goge sai an tambaye ka wa ke yi maka wanki.

Sai murar nan mai zazzaɓi da tari da ta zaga gari ta kwantar da shi. Ya daɗe a kwance, shago a kulle. Kafin ya miƙe, an buɗe wani sabon wurin wanki mai injuna a bakin titi, ya kwashe masa fiye da rabin masu kawo kaya. Babban aikin da ya rage masa shi ne na makarantar da 'yarsa Auta ke gamawa: labule, mayafan tebur, da rigunan da ɗalibai ke sawa ranar yaye su. Duk layin ya san in aikin makarantar nan ya kuɓuce, sai dai a sayar da dutsen guga.

Ya warke, ya tashi, amma hancin ya dawo da wani hali. Albasa in tana soyuwa, tayar mota yake ji tana ƙonewa. Nama ya koma masa kwata. Man goge baki fetur, shayi kuwa ruwan tsatsa. Ba abin da ke wuce masa sai busasshen burodi da shinkafar da ta huce, har ya huda sabon rami a bel ɗinsa ya ce wai fatar ce ta saki.

Matarsa ce ta ja shi asibiti da ƙyar. Likita ta ce cutar ce ta taɓa jijiyoyin hanci, kuma sukan gyaru a hankali. Ta ce ya riƙa shinshina lemo da kanumfari safe da yamma, yana tuna yadda ƙamshinsu yake a da, don hancin ya sake koyo.

"Ya sake koyo?" in ji Mai Hanci da suka fito. "Ni za a mayar aji ɗaya? Yarinyar nan tun ba a haife ta ba nake shinshina."

"Baban Auta, ba faɗa ta yi maka ba, magani ta ba ka."

"Lemo ne magani? To ki ba masu mura."

Dabarar ta zo masa ne wata safiya a kan bencin da ke tsakanin shagonsa da na Tela da na Mai Aski, inda su ukun suke zama tun suna da gashi baƙi. Tela ya fesa sabon turare ya zo yana yauƙi. Mai Hanci ya toshe hanci ya ce wa ya taka kashin kaza. Can kuma motar kwashe shara ta wuce, kowa ya kau da kai, shi kuwa ya bi ta da kallo ya ce wa ke gasa burodi. Su biyun suka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya kaɗa kai, sannan ya buga cinya.

"Na gano! Wallahi na gano abin da likita ta kasa ganowa. Hancina bai lalace ba, baibai ya koma. Tela, in mutum ya sa riga baibai, yagewa ta yi?"

"A'a."

"To ka gani. Ƙamshi ya koma wari, wari ya koma ƙamshi. Abin da kawai zan yi shi ne in riƙa juya lissafin. Duk abin da na ji ya fi wari, shi ya fi ƙamshi. Kai, yanzu ma hancin ya fi na da ƙarfi, don a da ƙamshi lallaɓa ni yake yi, yanzu kuwa mari yake kai mini."

"In kuma abin da gaske wari yake fa?" in ji Mai Aski.

"Kai dai aske kai ka sani, abin da ke cikinsa ba ruwanka."

Daga ranar ya fara aiki da sabon tsari, kuma a gida ya fara. Matarsa ta kawo masa abinci, ya ɗaga murfi, ya runtse ido, ya yi kakarin amai, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka, miyar nan warin mushe take yi." Ta ɗauke kwanon ta fice. Ya bi ta har kicin yana bayanin riga baibai, ita kuwa tana wanke tukunya da ƙarfin da tukunyar ba ta yi laifinsa ba.

A shago wata mata ta kawo mayafai, ya tare ta da fara'a ya ce, "Baiwar Allah, turarenki kamar kwatar bayan kasuwa, a ina kika saya?" Ta tattara mayafanta ta nufi wurin masu injuna, tana waiwaye tana magana har ta sha kwana.

Ya je kasuwa sayen kifi, ya bi tebur tebur yana shinshinawa, ya zaɓi wanda ya fi sa shi hawaye. Mai kifin har ya ƙara masa ɗaya kyauta, yana ta sa masa albarka. Da ya kai gida matar ta riƙe ledar da yatsu biyu ta kai bayan gida, kyanwar maƙwabta ta zo ta duba ta juya.

"Rana ce ta buge shi a hanya," in ji Mai Hanci.

"Baban Auta, ka bar ni in riƙa shinshina maka abu kafin hancin ya dawo. Ni da kai ne, wa zai sani?"

Nan fa ransa ya ɓaci, don abin ya taɓa shi inda yake masa ciwo. Ya ce shekara da shekaru hancin nan ne ke ciyar da gidan, ba zai koma aron na wani ba. Ya ce daga yau kada ta ƙara sa bakinta a maganar hancinsa.

"Shi ke nan," in ji ta. "Na cire."

Su Tela kuwa abin wasa suka samu. Da safe Mai Aski zai leƙo ya ce, "Mai Hanci, ina kwana, yau kana wari." Shi kuma ya ce, "Na gode, kai ma haka." Tela ya ɗinka riga mai kyau, a ce ta yi ɗoyi. Mai kantin layin ya kawo sabon sabulu, a ce ai wannan ruɓaɓɓe ne, a ba ni biyu. Kafin a jima duk layin ya ɗauka, har baƙo in ya wuce sai ya zaci faɗa ake yi. Mai Hanci yana jin daɗi ƙwarai, yana cewa ya koya wa unguwa sabon harshe. Ni ma na yi wasan, ba zan ce ban yi ba, kuma ba wanda ya yi tunanin wata rana za mu buƙaci kalmar nan da ma'anarta ta asali.

Ana nan sai motar makaranta ta sauke rigunan yaye ɗalibai, baƙaƙe masu faɗin hannu, tuli guda. Shugabar makarantar da kanta ta biyo su. Mace ce mai tabarau da ba ta son dogon zance. Ta ce masu injuna sun je sun same ta, amma ta ce bari ta ga na bana tukuna.

"Ranki ya daɗe," in ji Mai Hanci, "inji yana da hanci? Bana zan yi miki abin da sai baƙinki sun tambayi wanda ya yi."

Ita ma Auta ta same shi a shago da yamma. Ita ce ta zo ta ɗaya, ita za ta yi jawabi a madadin 'yan ajinsu. Ta ce, "Baba, don Allah abu ɗaya nake roƙo. Ka wanke, ka goge, shi ke nan. Kada ka yi wata dabara."

"Ni kike gaya wa wanki? Jeki ki haddace jawabinki."

Da ya zo haɗa sitaci ne ya ga garin ya kusa ƙarewa. Yana lalube a lungun bayan shago sai ya ci karo da babban bokiti mai murfi, an ɗora masa dutse. Nan ya tuna. Ranar da zazzaɓin ya kama shi, ya dama sitaci cike da bokitin nan, ya ɗiga turarensa, bai kai ga amfani da shi ba aka kwashe shi zuwa gida. Tun ranar yake nan a rufe, a lungun da rana ke duka.

Ya ɗaga murfin. Abin da ya fito ya tura shi baya sai da ya zauna a cikin bahon wanki. Idonsa ya kawo ruwa, kunnensa har wani ƙara yake yi. Tunda yake bai taɓa jin wari irin wannan ba. Yana zaune a cikin baho, wando jiƙe, sai murmushi ya kama shi.

"Allahu akbar," ya ce. "Turaren ya nuna."

Ya tace, ya ƙara ruwa, ya tsoma riguna ɗaya bayan ɗaya. Ta Auta sau biyu ya tsoma ta, don 'yarsa ce. Ya shanya su a igiyar bayan shago, iska ta ɗebo ta kawo layi.

Mai Aski ne ya fara fitowa, da almakashi a hannu, wanda yake yi wa aski na biye da shi da rabin kai.

"Mai Hanci! Me ya mutu a shagonka? Wari!"

"Na gode."

"A'a, ba wannan ba. Wari nake gaya maka!"

"Na ji, na ce na gode. Sirrin sana'a ne, kada ka tambaya."

Tela ya fito da ƙyalle ɗaure a fuska. "Wallahi tallahi ɗoyi yake. Na gaske. Irin na da."

"Ai ni ma na ce irin na da ne, har ya fi. Kun ga har ƙudaje sun gane abu mai kyau."

"Bari in juya masa," in ji Mai Aski. "Mai Hanci, ƙamshi yake! Ƙamshi mai kashe mutum!"

"To ka ga yanzu ka faɗe shi a harshenku. Duk ɗaya ne."

Suka dubi juna. Sun ce wari ya yi godiya, sun ce ƙamshi ya yi godiya, ba wata kalma kuma da ta rage. Tela ya ce a kira matarsa. Mai Hanci ya ce duk wanda ya kai maganar shagonsa gida, ya nemi wani benci. Da rigunan suka bushe aka bi su da dutsen guga, warin ya lafa sosai, sai su Tela suka ce wataƙila abin ya wuce. Shi kuwa ya ninke kowace riga ya sa a leda ya ɗaure bakin tam, wai kada ƙamshin ya tsere.

Da ya koma gida matar ta ja baya tun daga ƙofa. "Kwata ka faɗa?"

"Me kika ji?"

Ta buɗe baki, sai ta tuna. "An ce in cire bakina," ta ce, ta ajiye masa ruwan wanka da sabon sabulu.

Ranar taro babban ɗakin makarantar ya cika maƙil. Iyaye a kujerun baya, manyan baƙi a gaba, ɗalibai a tsakiya cikin baƙaƙen riguna masu karin guga kamar wuƙa. A gurguje aka raba musu ledojin, kowa ya zura tasa ya shiga layi, wanda ya ji wani abu ya zaci na kusa da shi ne. Mai Hanci ya zo da matarsa da su Tela, ya ƙi zaman baya, ya samo musu kujeru dab da manyan baƙi.

Da farko lafiya lau, fankoki na juyawa. Ana tsakiyar jawabin babban baƙo wuta ta ɗauke. Fankoki suka tsaya, zafi ya sauko, ɗalibai suka fara gumi, gumi ya taɓa sitaci, sitaci ya farka.

Layin farko na iyaye ne suka fara duban takalmansu. Wata uwa ta ɗaga jaririnta ta shinshina bayansa, ta mayar da shi ta ba shi haƙuri. Babban baƙo ya yi tari, ya sha ruwa, ya tsallake shafi biyu na jawabinsa. Shugaba ta yafito mai gadi ta raɗa masa ya duba ko ɓera ya mutu a silin. Ɗalibai kuwa kowa na matsawa daga na kusa da shi, ba inda za a matsa, don duk inda ka je rigarka na biye da kai. Sai ga ƙudaje ta taga, ba gayyata.

Matar Mai Hanci ta juyo a hankali ta dube shi. Ta gane warin, shi ne wanda ya shigo da shi gida. Shi kuwa yana zaune hawaye na zuba, fuskarsa cike da annuri. Bai taɓa jin aikinsa ya cika ɗaki haka ba.

Shugaba ta karɓi lasifika mai batir ta ce, "Jama'a a yi haƙuri, muna neman inda wannan warin yake fitowa."

Mai Hanci ya miƙe.

Tela ya kama rigarsa ta dama, Mai Aski ta hagu. "Zauna! Na gaske take nufi! Ita ba 'yar layinmu ba ce!"

Ya fizge. Ya juya ya fuskanci jama'a, ya ɗaga hannu kamar wanda aka kira karɓar kyauta.

"Ranki ya daɗe, ba sai an nema ba. Wannan warin da kuke ji, duk aikina ne! Ni kaɗai na haɗa shi, ba inji, ba mataimaki. Shagona yana nan tsakanin tela da mai aski, duk mai son irinsa ya kawo kayansa!"

Ƙudaje ne kaɗai suka amsa masa. Ya tsaya yana jiran tafi. Ya dubi Shugaba, ya ga ta rufe hanci da takardar shirin taro. Ya dubi su Tela, ya ga sun sunkuyar da kai. Sannan ya dubi matarsa, wadda ita kaɗai a duk layin ba ta taɓa yin wasan baibai da shi ba.

"Maman Auta," ya ce da ƙaramar murya, "wane iri ne?"

"In sa baki?"

"Sa."

"Irin na kifin nan ne. Har ya fi."

Na ga mutane sun ji kunya a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda ya rage tsawo a tsaye ba sai ranar. Wallahi sai da ya ba ni tausayi. Ya nemi kujerarsa da hannu kamar makaho.

Auta ce ta taso daga cikin ɗalibai, da rigarta mai tsomi biyu, mutane na buɗa mata hanya fiye da yadda ake buƙata. Ta karɓi lasifikar a hannun Shugaba.

"Wannan babana ne," ta ce. "Ciwon nan da ya kwantar da mutane da yawa ya tafi masa da hanci. Abinci ma ba ya iya ci, ku dubi wuyan rigarsa. Amma a haka ya tsaya ya goge rigunan nan ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Don Allah ku dubi karin gugar da ido, kada ku duba da hanci."

Wani ya fashe da dariya a baya, sai ɗakin duka ya ɗauka, har da babban baƙo. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce ita ma tun ciwon nan kofi warin toka yake mata, ta zaci ita kaɗai ce. Wani ya ce shi ƙwai ne. Shugaba ta ce a cire riguna a koma ƙarƙashin bishiyoyi. Aka jingina rigunan a jikin katanga, sitacin ya yi ƙarfin da suka tsaya da kansu a jere, kamar wasu ɗaliban da aka kora daga taro.

Bayan an tashi Shugaba ta sami Mai Hanci yana tattara rigunan shi kaɗai.

"Karin guga dai ban taɓa ganin irinsa ba," ta ce. "Ka sake wanke su. Aikin yana nan, amma da sharaɗi. Duk abin da zai fito daga shagonka zuwa makarantar nan, sai maiɗakinka ta shinshina ta ce ya yi."

Mai Hanci ya buɗe baki, ya dubi rigunan, ya rufe. "To, ranki ya daɗe."

Da la'asar yana zaune a tsakar gida, ya tasa busasshen burodi a gaba bai taɓa ba. Matar ta fito daga kicin ta zauna kusa da shi, ta yanka lemo biyu.

"Kin san abin da ya fi damuna?" ya ce, bai dube ta ba. "Ba shagon ba ne. In na shigo gidan nan da, tun daga ƙofa nake sanin na iso. Yanzu sai na ga fuskarki nake tabbatarwa."

"Ƙamshin yana nan inda ka bar shi, ba inda ya je. Ungo."

Ta kai masa lemon hanci. Ya shaƙa, ya yamutsa fuska.

"Me ka ji?"

Ya gyara zama kamar zai fara dogon bayani, har ya ɗaga yatsa. Sai ya sauke shi.

"Tayar mota."

"Lemo ne."

"To," in ji Mai Hanci. "Lemo ne. Ƙara matso da shi."